Yadda ake rage bola a gidan Zango, tun daga kasuwa har bakin kwata

Idan hadari ya haɗu a Accra, akwai abin da kowa a unguwannin Zango na Nima da Mamobi ya san ana yi, ko da ba a son faɗa. Ruwa na kankama, sai yara su fito da bokitai da buhunan shara suna juyewa a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Yana tafiya da ita kuwa, amma ba nisa. Babbar kwatar Nima tana zubawa ne a kogin Odaw, Odaw ya bi ta shataletalen Circle ya faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku. Duk inda hanyar ta tsuke, ƙarƙashin gada ko bakin kwalbati, nan leda da gororin roba ke cunkushewa, ruwa ya rasa mafita ya shiga ɗakunan mutane. A daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, mutum sama da 150 suka rasu. Shekara guda kafin nan kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Ghana, galibinsu a Accra da kewaye.

Hukuma tana da nata kason, daga yashe magudanai zuwa samar da wurin zubar da shara, kuma ba laifi ba ne a ci gaba da matsa mata. Wannan bayani kan abin da ke hannun mai gida da uwargida ne. Kuma a ganina yawancin masu wa'azin tsafta suna fara magana daga ƙarshe, wato daga tsintsiya. Bola a kasuwa ake sayo ta. Abin da bai shigo gida ba, ba sai an biya mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na kwasar shara, ya ɗauke shi ba.

Mataki na farko: a duba abin da ake zubarwa

Kafin a canza komai, a ɗauki mako guda ana lura. Ranar da za a fitar da shara, a shimfiɗa tsohon buhu a tsakar gida, a juye ta a kai, a sa sanda a barbaza. Ba aiki ne mai daɗi ba, amma sau ɗaya ake yinsa. A yawancin gidajenmu abu huɗu za a gani: ɓawon doya da rogo da agade da ragowar abinci, waɗanda su ne nauyin sharar, ledar ruwa, baƙar leda, wadda a nan muka fi ce wa roba, sai ƙasa da toka daga sharar tsakar gida. Sauran tarkacen, gwangwani da kwalba da kunzugun yara, ba su kai waɗannan yawa ba. Wanda ya ga tarin da idonsa, ya san inda zai fara.

Mataki na biyu: shirin kasuwa

Jakar cefane tana da mazauni guda: ƙusa a bayan ƙofa, kusa da inda ake ajiye makulli. In aka ninke ta aka sa cikin akwati, an gama da ita. Ba sai an sayi wata ta musamman ba. Buhun shinkafa da ya ƙare, a kai wa tela ya sa masa hannu biyu, zai ɗauki doya da albasa shekara da shekaru. Kwandon saƙa irin na Bolga ya fi dacewa da tumatir da tattasai domin ba ya matse su. A cikin jakar a ajiye robobi masu murfi guda biyu ko uku, ɗaya na nama ko kifi, ɗaya na niƙa, da tsohuwar kwalba ta manja ko man gyaɗa. Maza masu biyowa ta kasuwa daga wurin aiki su ninke ƙaramar jakar yadi su sa a ƙarƙashin kujerar babur ko a aljihun jakar aiki.

Wurin da ake faɗuwa shi ne gaban mai sayarwa. Ranar Laraba a kasuwar Nima, hannun mai tumatir ya fi bakin mai saye sauri: kafin ka gama cewa na sidi goma, ta zuba a leda, ta ƙulle, ta sa cikin wata ledar. Don haka tun kafin ciniki ake magana, jaka a buɗe a hannu.

"Hajiya, a bar ledar, zuba min a nan."

"Kai ɗana, ai kyauta ce."

"Na sani Hajiya, gida ne ya cika da su."

Magana ta ƙare ke nan, babu wa'azi. Ita ma da kuɗinta take sayen ledar, bayan zuwa biyu ko uku da kanta za ta miƙo hannu ta karɓi jakar. Albasa, doya, kubewa, lemo da barkono duk suna iya zama wuri guda ba tare da kowanne ya sami tasa leda ba. Masu nauyi a ƙasa, masu taushi a sama. Nama da kifi kaɗai ne ke bukatar a ware su, shi ya sa aka zo da roba mai murfi.

Sai batun ƙananan sacet na madara, Milo, tumatirin leda da garin sabulu. Waɗannan su ne mafi munin shara, domin an haɗa roba da ƙyallin ƙarfe a jikinsu, masu sayen roba ba sa karɓa. Kuma idan aka yi lissafi, mai sayen ƙarami kullum ya fi mai sayen babba biya. Kowa ya san dalili: kuɗin cefane na yau ne, ba na wata ba. Mafita ita ce wadda matan Zango suka daɗe da sani, adashi. Mata huɗu ko biyar na gida ɗaya su haɗa kuɗi su sayi babban buhun garin sabulu, ko galan na mai, ko shinkafa da wake a olonka, babban gwangwanin awo, maimakon kofi-kofi, su raba a robobinsu. Abin da ke saurin lalacewa kuwa, kamar ganye da tumatir, a saya daidai ci. Tumatirin da ya ruɓe a kwando asara biyu ce, kuɗin saye da kuɗin zubarwa.

Kan tufafi, kalma biyu. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa kayan gwanjo kusan miliyan 15 ke shigowa kasuwar Kantamanto duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 shara suke zama. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta ce adadin bai kai ko kusa da haka ba. Ko wane ne da gaskiya, tsummokaran da teku ke amayowa a gaɓar Jamestown kowa na ganinsu. A duba ɗinki da zif da hammata kafin a biya, riga ɗaya mai ƙwari ta fi uku na araha da za su yage a wanki na biyu. Wadda ta tsufa ta zama tsumman goge ɗaki.

Mataki na uku: koko, wake da shinkafa, da tuwon zafi

Nan ne leda ta fi shiga jikinmu. Da asuba layin mai koko: koko a farar leda, ƙosai a wata, sukari a wata, duka a cikin baƙa. Mutum biyar a gida, leda wajen ashirin kafin ƙarfe takwas. Bayan sharar, zuba abu mai tururi a leda marar kauri ba alheri ba ne ga ciki, zafi na sa sinadaran roba su saki cikin abinci. A aiki yaro da kofin silba mai murfi ko filas, da kwano na ƙosai. Iyayenmu haka suke yi, kuma kokon ya fi daɗewa da zafinsa.

Wajen mai waakye, wato wake da shinkafa, a ce, "Amariya, a ganye za ki sa min." Da yawa har yanzu suna ajiye faffaɗan koren ganyen nan, kuma duk wanda ya ci a cikinsa ya san ƙamshin ya bambanta. In babu ganye, kwanon gida. Farar robar tekawe mai kama da soso ita ce ta fi kowacce taurin kai: ba ta ruɓewa, ba mai saye, tana farfashewa ta yi ta yawo a saman ruwa. A watan Yunin 2025 Shugaba John Mahama ya bayyana aniyar hana shigo da ita da ƙera ta a Ghana. Masu sayar da abinci da masu shirya suna da biki gara su fara sabawa da faranti da kwanonin haya tun yanzu.

Mataki na huɗu: ruwan sha da ruwan aiki

Ledar ruwan sha, wadda ake kira fiya-wata, rabin lita ce, 30 ke cikin jaka. Gida mai mutum shida, kowa ya sha huɗu a yini, leda 24 ke nan, a wata 720. Babu mai cewa a daina shan ruwa mai tsafta. Amma babbar gorar nan ta dispensa tana ɗaukar kusan lita 19, daidai da leda 38, kuma mayar da ita ake yi a karɓo cikakkiya. Ba dole sai da injin ba, akwai ƙaramin famfon hannu da ake ɗora mata a baki. Inda ruwan famfo ke zuwa, a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, a bar shi ya huce a rufe, a zuba a gora mai tsafta. 'Yan makaranta kowa da gorarsa.

Idan ledar ce dai ta fi sauƙi, to kada ko ɗaya ta taɓa ƙasa. A rataye buhu guda domin ita kaɗai. A matse sauran ruwan, a jefa. Ledar ruwa tana cikin robobin da ake saye a kilo a narkar a yi wasu kaya, kuma akwai mata da tsofaffi da wannan ne abincinsu. Busasshiya mai tsafta suke so. Wadda ta sha miya da ƙasa ba ta da daraja a wurinsu.

Ruwan aiki kuma yana iya yin aiki biyu. Na ɗaurayar ƙarshe ta wanki ya goge ɗaki ko ya kora bayan gida. Na wanke shinkafa da ganye ya je gindin shuka. Famfon da ke ɗiga, a sa bokiti a ƙarƙashinsa dare guda, da safe a ga abin da ake biya a banza; galibi 'yar robar ciki ce ta cinye, kuma canza ta ba ya ɗaukar mai gyara minti goma. Wajen alwala, ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yana yinta da mudu guda, abin da bai kai lita ɗaya ba. Buta ta wadatar, sakin famfo yana zuba har a gama wanke ƙafa almubazzaranci ne. Duro da tankin tara ruwan sama su kasance a rufe, domin sauro daga ƙwai zuwa mai cizo mako guda ne zuwa kwana 10. Tsohuwar taya da gwangwanin da ke bayan ɗaki su ma a kife su.

Mataki na biyar: raba shara, wanda shi ne ginshiƙin aikin

Abin da ke sa shara wari da nauyi da tsutsa shi ne haɗa jiƙaƙƙe da busasshe. Da zarar an raba su, yawancin abin da ke ciki yana da mai so. Ana bukatar mazubi uku kawai, kuma tsofaffin bokitan fenti sun isa.

Na ɗaya na ɓawo da ragowar abinci ne, mai murfi. A Zango wannan ba ya kwana, domin kusan kowane lungu akwai mai tumaki ko awaki. Ɓawon doya da na agade a ba su kai tsaye. Ɓawon rogo a shanya shi a rana ya bushe tukuna, ɗanyensa yana da guba da ke iya illata dabba. Abu guda da za a kiyaye: kada ko guntun leda ya shiga ciki. Tunkiya ba ta bambancewa, in ta ji gishiri ko mai a jikin leda haɗiyewa take yi, ledar ta dunƙule a tumbinta, ta yi ta ramewa ciki na kumbura. Mahauta sun sha ciro irin wannan dunƙule.

Wanda ke da ɗan fili ko baranda, ya yi taki. A sami babban bokiti, a huda ƙasansa da gefensa da ƙusa mai zafi, a ɗora a kan bulo biyu a inuwa. A fara shimfiɗa busasshen abu kamar tsawon yatsa: garin katako daga wurin kafinta, busasshen ganye, ko kwali da aka yayyaga. A zuba ɓawon da aka yanka ƙanana, a rufe da busasshe wanda ya ninka shi biyu. Haka za a riƙa yi, kullum busasshe ne a sama, shi ke hana ƙuda. Kada a sa nama, kifi, mai ko miya, su ke kiran ɓera. Sau ɗaya a mako a juya da sanda. A damƙa a hannu: ya kamata a ji danshi ba tare da ruwa ya ɗiga ba. In ya yi wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara garin katako. In ya bushe ƙamas ba ya canzawa, a yayyafa ruwa. Da zafin Accra, cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi mai ƙamshin ƙasa. A cakuɗa da ƙasa a buhu, a shuka barkono, alayyafo ko ayoyo na miyar tuwon zafi.

Mazubi na biyu na abin sayarwa ne: gororin roba a take su su lotse, gwangwani a ɗauraye, kwali a ninke kada ya jiƙe, fasasshen bokiti da kujerar roba, tsohon ƙarfe da tukunyar alminiyam. Masu tura baro suna bin lungu suna sayen ƙarfe, masu sobolo (zoɓo) da fura da manja kuma suna neman gora da kwalba masu tsafta. Kuɗin ba yawa, a bar wa yara su tara, su ne za su fi kowa tsare buhun.

Na uku shi ne ainihin bola: kunzugun yara, audugar mata, sacet, leda da ta lalace. Kunzugu a naɗe shi a ɗaure. Fasasshiyar kwalba da reza da allura a sa su cikin gwangwani a toshe bakinsa, domin da hannu masu kwasa ke aiki. Ƙasar shara da toka ba su da abin yi a buhu, a cike rami da su. Man suya da ya gama aiki kada a tuttule shi a kwata, daskarewa yake yi ya kama datti. A tara a gora a jefa cikin bola ko a ba masu yin sabulu. Gidan da ya yi wannan rabo zai ga buhun da mai aboboya ke ɗauka ya ragu sosai, kuma da yake da girman kaya ake ciniki, kuɗin ma ya ragu.

Shi ma mai aboboyar a san shi. Wasu na kaiwa inda aka tanada, wasu kuma in dare ya yi sai su juye a bakin rafi. A tsaya kan mutum guda da unguwa ta sani, a tambaye shi inda yake kaiwa. Arahar da ta yi yawa abin tuhuma ce.

Mataki na shida: wuta

Kada a ƙona shara, musamman da hunturu lokacin da iska ta riga ta cika da ƙura. Hayaƙin roba da na wayar lantarki guba ne, shi ne abin da ya sa sunan Agbogbloshie, inda ake ƙona tsofaffin kayan lantarki, ya zagaya duniya kafin a rushe wurin a 2021. Abin takaici, irin wannan hayaƙin muna yinsa a ƙofar ɗaki duk safiya, lokacin da ake cinna wa ledar ruwa ashana a ɗiga a kan gawayi, jariri na goye a baya. Ɓawon kwakwa busasshe, totuwar masara, tsinken itace ko takarda duk suna kama gawayi. Murhun Gyapa mai yumɓu a ciki yana riƙe zafi, gawayinsa ya fi na kurfotin ƙarfe auki. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, in an gama girki a kashe garwashin a ajiye na gobe. Mai hali ya koma gas, amma silinda a waje ko inda iska ke shiga, a riƙa gwada tiyo da ruwan kumfa.

Lantarki kuwa mitar firife, ta biya kafin amfani, ta riga ta koya wa kowa lissafi. Tsohon ƙwai mai wat 60 da LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. In suna kwana a kunne awa 12, na farko zai ci yunit 21 da ɗoriya a wata, na biyu uku da ɗan kai. Wajen sayen firji ko na'urar sanyaya ɗaki, a duba takardar Hukumar Makamashi mai taurari da ke manne a jiki, yawan taurari ƙarancin ci. Tun 2013 aka hana shigo da tsofaffin firji ƙasar nan saboda shan wutarsu. Wanda ke gida, a gwada robar ƙofarsa da takarda: a rufe a kanta a ja, in ta zare ba turjiya, sanyi na fita, a canza robar. Guga a tara a yi sau ɗaya.

Mataki na ƙarshe: a shigo da mutanen gida

A gidan haya mai ɗaki goma sha, mutum ɗaya ba ya iya wannan shi kaɗai, kuma wanda ya fara da gyara wa maƙwabta zama zai tsinci kansa cikin rigima. A fara da magajiyar gida ko dattijon da ake jin maganarsa. "Mma, ina son in rataye buhun ledar ruwa a bakin famfo, kuɗin da aka samu a sayi tsintsiya da sabulun bayan gida." Da wuya ta ce a'a. In wannan ya zauna, sai a kawo maganar bokitin ɓawo, sannan jadawalin kwatar ƙofar gida. Tun 2014 aka ware Asabar ta farkon wata a matsayin ranar tsafta ta ƙasa, a jingina da ita. Dokar tsaftace gaban gida da aka fara aiki da ita a yankin Accra a 2022 ma ta ɗora wa kowane gida da shago alhakin gabansa, kuma jami'an duba tsafta, wato saman-saman, na iya kai mutum kotu a kai.

Yasar kwata tana da lokaci da ƙa'ida. A yi babbar yasa a watan Maris, kafin ruwan Afrilu zuwa Yuli, a sake wata a ƙarshen Agusta. A sa takalmin roba da safar hannu. Abin da aka kwaso a bar shi ya tsane kwana ɗaya, a zuba a buhu, mai aboboya ya tafi da shi. Tarin da aka bari a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. A sa ragar ƙarfe a bakin magudanar da ke fita daga gida domin ta tare leda da ragowar abinci, a riƙa kwashewa kullum da yamma.

Da Babbar Salla kuma a shirya tun jajibiri. A haƙa rami inda akwai ƙasa domin jini, a rufe da toka da ƙasa bayan yanka. Abin cikin tumbi taki ne mai kyau, a zuba a buhu a ba masu lambu maimakon a kora shi kwata ya kwana uku yana wari. Babbakar kai da ƙafa da ganda a yi ta da itace ko gas, kada a kusanto da taya ko da ita ce a kusa. Rabon nama a aiki yara da kwanoni masu murfi, su miƙa su jira a juye a ba su kwanonsu.